Wa Ke Da Akwati Bayan An Biya Kuɗinsa?

Ran 1 ga Janairu 2025 wata sabuwar doka ta fara aiki a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Dokar ta hana kowane kamfani ya rubuta kalmar "saya" a kan wasa ko littafi ko fim irin wanda a ke saukewa ta intanet, muddin abin da ya ke bayarwa izinin amfani ne kurum wanda ya ke iya janyewa, sai fa in ya bayyana wa mai saye haka a fili kafin ya karɓi kuɗinsa. Lalle mai karatu zai yi mamaki. Ciniki dai tsohon abu ne, kowa kuwa ya san in an taya, an sallama, an biya, kaya sun zama na mai saye, mai sayarwa ya riƙe kuɗinsa ya yi gaba. Me ya kawo har majalisa ta zauna tana fassara wa mutane ma'anar saye?

Abin da ya kawo shi ne, kayan zamanin nan ba su rabuwa da maƙerinsu ko bayan sun bar kanti. Waya da kwamfuta da mota, har da taraktar noma, duk suna ɗauke da manhaja, ita manhaja kuwa kamfani na iya miƙo hannu ta intanet ya sake ta alhali kayan suna cikin ɗakin mai su. Babu labarin da ya fito da wannan al'amari fili kamar rigimar da aka shekara 8 ana yi tsakanin kamfanin Sony na Japan da mutanen da suka sayi akwatin wasansa mai suna PlayStation 3. Mun ga ya kamata mu feɗe wa masu karatu biri har wutsiya, domin abin da ya auku ga akwatin wasa yana iya aukuwa ga kowace na'ura ta ofis ko ta makaranta.

UWAR MANHAJA

Da farko sai a san cewa akwatin wasan bidiyo kwamfuta ce sosai, sai dai an ɗaure ta ga aiki guda. Tana da ƙwaƙwalwar lissafi, tana da ma'ajiyar bayanai, tana kuma da wata babbar manhaja wadda ke tashi da zarar an kunna ta. Wannan babbar manhaja ita ce mu ke kira uwar manhaja. Matsayinta kamar na babban akawu ne a ofis: ita ke raba wa kowa aikinsa, ita ke riƙe da makullan ɗakin ajiya, babu takardar da za ta shiga ko ta fita sai da saninta. A kwamfutar ofis mai ita na iya cire wannan uwar manhaja ya sa wata, kamar a cire Windows a sa Linux. A akwatin wasa kuwa an saba kamfani ya kulle ƙofa, ba abin da zai yi aiki a ciki sai wanda ke ɗauke da hatiminsa.

Ita Linux, wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma rubuta ta cikin 1991, ya bar ta a buɗe, kowa na iya ɗauka kyauta, ya duba cikinta, ya gyara. Saboda haka masu sha'awarta suka ɗauki al'adar gwada ta a kan kowace na'ura da ta faɗo hannunsu. Sa'ad da kamfanin Microsoft ya fito da akwatinsa Xbox cikin 2001, ba a daɗe ba wani attajiri, Michael Robertson, ya sa ladan dala 200,000 ga masu iya sa Linux a cikinsa, kamfani bai so ba amma aka sa. Sony kuwa sai ya bi wata hanya dabam. Cikin 2002 ya sayar wa masu PlayStation 2 wasu kayan ƙari da faifan Linux da hannunsa, don wanda ya ke so ya koyi rubuta manhaja.

ƘOFAR DA SONY YA BUƊE

PlayStation 3 ya shiga kasuwa a Japan ran 11 ga Nuwamba 2006, a Amurka ran 17 ga watan, a Turai kuwa sai Maris 2007. A Amurka ƙaramin dala 499 ne, babban dala 599, kuɗin da mutane da yawa suka ce ya yi tsada ga abin wasa. Shugabannin kamfani suka amsa da cewa ai wannan ya wuce abin wasa, kwamfuta ce. Shaidar maganarsu kuwa tana cikin jerin zaɓin akwatin, inda aka sa wani wuri mai suna OtherOS, watau "wata uwar manhaja". Ta nan mai akwati zai raba ma'ajiyarsa biyu, sashe guda na wasa, sashe guda na Linux, in ya kunna ya zaɓi wanda ya ke so. Wani ƙaramin kamfani na Amurka, Terra Soft, ya shirya irin Linux ɗinsa mai suna Yellow Dog musamman domin wannan akwati.

Amma fa ƙofar ba a buɗe ta wangame ba. Sony ya ajiye wata ƙaramar manhaja tsakanin Linux da ƙarfen akwatin, wadda za mu iya kira mai gadi. Mai gadin nan ya hana Linux taɓa sashen zana hotuna masu motsi, don kada wani ya rubuta wasanni masu kyau ya sayar ba tare da kamfani ya sami kasonsa ba. Wurin aikin ƙwaƙwalwa kuma megabayit 256 ne kacal, saboda haka wanda ya so ya mai da akwatin kwamfutar rubuta wasiƙu sai ya tarar da shi da nawa.

To, in haka ne, mene ne abin kwaɗayi a ciki? Ƙwaƙwalwar lissafin ce. Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera ta, suka sa mata suna Cell. Tana da shugaba guda da mataimaka 8. Ɗaya daga cikin mataimakan an kashe shi tun a masana'anta, ɗaya kamfani ya keɓe wa kansa, 6 aka bar wa Linux. Waɗannan 6 ɗin kuwa, in aka ba su lissafi iri guda mai maimaituwa, su kan yi shi da saurin da kwamfutocin ofis na lokacin ba su kama ƙafarsa.

ABIN DA MASANA SUKA YI DA SHI

Malaman jami'a ba su yi sanya ba. Cikin 2007 wani malamin kimiyyar lissafin halitta a Jami'ar Massachusetts ta garin Dartmouth, Gaurav Khanna, ya haɗa akwati 8 ya jona su, ya sa su lissafin abin da ke faruwa a wuraren nan na sararin samaniya da a ke kira baƙin rami, inda ƙarfin jawowa ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Da can sai ya biya haya mai tsada a manyan kwamfutocin gwamnati kafin ya yi irin wannan aiki. Abin lura a nan, Sony da kansa ya ba shi gudummawar akwatuna, watau kamfani ya san abin da a ke yi, ya kuma yi murna da shi.

Cikin Disamba 2008 wasu masana suka yi amfani da akwati 200 da aka jona a babbar makarantar fasaha ta Lausanne a ƙasar Suwizalan, suka ƙirƙiri takardar shaida ta jabu irin wadda shafukan intanet ke nunawa don a amince da su. Da wannan suka tabbatar wa duniya cewa wata tsohuwar hanyar hatimi mai suna MD5 ta ruɓe, masu ba da takardun shaida suka yi maza suka bar ta.

Mafi girma duka shi ne na mayaƙan sama na Amurka. A ƙarshen 2010 ɗakin bincikensu da ke garin Rome na jihar New York ya buɗe wata ƙasaitacciyar kwamfuta mai suna Condor, wadda aka gina da PlayStation 3 guda 1,760. An ce tana iya lissafi tiriliyan 500 cikin daƙiƙa guda, an kashe mata misalin dala miliyan 2, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin irinta da aka saba saye ba. Aikinta a lokacin shi ne tantance hotunan da na'urar hangen jirage da tauraron ɗan'adam ke aikowa.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFA

Alamar farko ta bayyana cikin Satumba 2009, sa'ad da kamfani ya fito da sabon samfuri, siriri, a kan dala 299, babu OtherOS a cikinsa. Wannan ba wanda zai ce zalunci ne, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aka kuma kwantar wa masu tsohon samfuri da hankali cewa nasu zai ci gaba yadda ya ke.

Cikin Janairu 2010 wani saurayi ɗan jihar New Jersey, George Hotz, mai shekara 20, wanda ya riga ya yi suna tun 2007 da ya kwance ɗaurin wayar iPhone, ya ba da sanarwa ya rinjayi mai gadin nan. Dabarar da ya yi ita ce, yana cikin Linux sai ya aika wa wayoyin ƙwaƙwalwar akwatin wani ɗan bugun lantarki a daidai lokacin da mai gadi ke gyara lissafinsa, mai gadi ya ruɗe ya bar wata kafa a buɗe. Aiki ne mai wuya, sai an buɗe akwati an jona waya, ba kuwa ya ba mutum ikon kunna wasan sata nan take. Duk da haka hankalin kamfani ya tashi.

A ƙarshen Maris sai Sony ya ba da sanarwa cewa ran 1 ga Afrilu 2010 zai aiko da sabuntawa mai lamba 3.21, wadda za ta share OtherOS daga dukan tsofaffin akwatuna, saboda dalilan tsaro. Da ya ke ranar ce Turawa ke zolayar juna da ƙarya, wasu suka ɗauka wasa ne. Ashe da gaske a ke. Kamfani ya ce ba tilas, wanda ba ya so kada ya karɓa. Amma wanda ya ƙi, an rufe masa shiga dandalin wasa na kamfani a intanet, sababbin wasanni da fayafayan fim da ke bukatar sabuntawar kuma ba za su yi masa aiki ba. Watau mutumin da ya biya dala 599 domin abu biyu, aka ce ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Misalinsa kamar wanda ya sayi gida mai ɗaki biyu ne, bayan shekara 3 magini ya zo ya ce ko dai a toshe ɗaki guda, ko kuwa a yanke ruwa da wuta.

Masu manyan kwamfutoci irin Condor ba su jona akwatunansu da dandalin wasa, saboda haka ba su karɓi sabuntawar ba. Amma su ma ta shafe su, domin duk akwatin da ya lalace ba a samun sabo mai OtherOS a kasuwa, wanda aka kai wa kamfani gyara kuwa da sabuwar manhaja ya ke komowa.

HUJJAR KAMFANI

Adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren. Cinikin akwatin wasa ba irin cinikin keke ba ne, inda ribar mai sayarwa ke cikin kuɗin keken. Wani kamfanin ƙididdiga mai suna iSuppli ya wargaza akwatin cikin 2006, ya ƙiyasta cewa ƙera babban samfurin na cin misalin dala 840, ga shi ana sayar da shi 599. Kowane akwati da ya bar kanti, kamfani ya yi hasarar fiye da dala 200. Inda ya ke fanshewa shi ne kason da ya ke samu a kan kowane faifan wasa da aka sayar. Saboda haka malamin jami'a da sojan sama, waɗanda suka sayi akwatuna ba su sayi wasa ko guda ba, araharsu daga aljihun Sony ta fito. In kuma aka sami hanyar kwafar wasanni a yi ta rabawa kyauta, to, an sare itacen da dukan cinikin ke rataye a kai, masu rubuta wasanni su ma su gudu. Ban da haka akwai masu maguɗi a wasan da a ke yi da jama'a ta intanet, waɗanda ke ɓata wa sauran mutane nishaɗi.

Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma fa ba mai saye ne ya yanke farashin nan ba, ba shi ne kuma ya roƙa a sa OtherOS ba. Kamfani ne ya yi lissafinsa, ya buɗe ƙofa, ya yi tallar ta, ya karɓi kuɗi. In daga baya ya ga lissafin bai fita ba, yana da iko ya bar sa abin a sababbin akwatuna, ya kuwa bari. Abin da ba mu ga hujjarsa ba shi ne komawa kan cinikin da ya riga ya faɗa a rage mudu. Laifin mutum guda da ya yi kutse kuma ba ya halatta a ƙwace abin dubban mutane waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

GUDUN GARA

Ko ta fuskar tsaron da aka kafa hujja da shi, shawarar ba ta haifi ɗa mai ido ba. Shekara 3 da 'yan watanni akwatin nan ya yi a kasuwa ba wanda ya fasa shi, alhali takwarorinsa na Microsoft da Nintendo an daɗe da fasa su. Masana da yawa suna ganin dalili shi ne, gwanayen da ke da basirar fasawa ba satar wasa ce ta dame su ba, Linux su ke so, an kuwa ba su. Da aka ƙwace, sai suka juyo. Cikin Agusta 2010 aka fara sayar da wata 'yar na'ura da a ke soka wa akwatin ta sa shi karɓar wasannin kwafi. Cikin Disamba 2010 kuma, a taron masana kwamfuta na shekara-shekara a birnin Berlin na Jamus, wata ƙungiya mai suna fail0verflow ta tona babban asiri.

Malaman lissafi za su ji daɗin wannan. Hatimin da Sony ke buga wa kowace manhaja lissafi ne mai ɗauke da lambobi biyu na ɓoye. Ɗaya ita ce makullin kamfani, ba ta sakewa. Ɗayar kuwa ƙa'ida ta ce kowane bugu sai an zaɓo sabuwa wadda ba mai iya cinka. Sony ya yi sakaci, ya yi ta maimaita lamba guda. Da haka duk wanda ya ɗauki hatimi biyu ya jera su, ya sami jimlar lissafi biyu da ɓoyayyun lambobi biyu, abin da ɗan makarantar sakandare ke warwarewa a allo. Makulli ya fito. Cikin Janairu 2011 Hotz ya buga ɗaya daga cikin manyan makullan a intanet, kowa na iya buga hatimin Sony a kan abin da ya ga dama.

Kamfani ya kai ƙarar Hotz da 'yan ƙungiyar nan cikin watan, aka sasanta da Hotz cikin Afrilu bisa alkawarin ba zai sake taɓa kayan Sony ba. Kafin ƙura ta lafa, wata ƙungiyar masu kutse da ke kiran kanta Anonymous ta far wa shafukan kamfani don ramuwa. Cikin watan Afrilun nan kuma wasu suka kutsa cikin dandalin wasan, suka kwashi bayanan asusu miliyan 77. Anonymous ta ce ba da hannunta a wannan ba. Dandali ya kwana 23 a rufe, kamfani ya ƙiyasta hasararsa dala miliyan 171, hukumar kare bayanan jama'a ta Ingila kuma ta ci shi tarar fam 250,000 cikin 2013. Ba mu yaba wa masu kutse ba, gama waɗanda aka kwashe wa bayanai bayin Allah ne masu wasa kurum. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

GABAN ALƘALI

Tun cikin Afrilu 2010 masu akwati suka shigar da ƙarar gayya a kotun tarayya ta arewacin Kalifoniya, watau ƙarar da mutane kaɗan ke yi a madadin dukan waɗanda abin ya shafa. Cikin Disamba 2011 alƙali Richard Seeborg ya kori ƙarar. Ya yarda ɓacin ran mutane na gaskiya ne, amma ya ce ba su nuna dokar da aka karya ba, domin kamfani bai yi alkawarin zai bar su cikin dandalinsa har abada ba, wanda ke son Linux kuwa an bar masa zaɓin ƙin sabuntawa. Aka ɗaukaka ƙara. Cikin Janairu 2014 kotun sama ta farfaɗo da wani sashe nata, musamman zargin cewa tallar da aka yi ta ruɗi masu saye.

Cikin 2016 aka kawo sulhu: dala 55 ga wanda ya kawo shaidar ya yi amfani da Linux, dala 9 ga saura, lauyoyi kuwa dala miliyan 2.25. Alƙaliya Yvonne Gonzalez Rogers ta ƙi amincewa a farkon 2017, domin shaidar da a ke nema ta yi tsanani, masu neman haƙƙinsu sun yi kaɗan, rabon lauyoyi kuma ya yi yawa. Aka sake sulhu a kan dala miliyan 3.75, aka ce kowa na iya samun har dala 65. Da aka cire na lauyoyi aka raba wa waɗanda suka nema, a ƙarshen 2018 kowa ya tashi da dala 10 da santi 7. Sulhun kuma ya tsaya ga waɗanda suka saya a Amurka, kamfani bai amsa laifi ba.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na ɗaya, da ya ke sulhu aka yi, babu kotun da ta yanke hukunci a kan ainihin tambayar, ko mai sayarwa na da ikon rage kayan da ya riga ya sayar. Na biyu, tun cikin Satumba 2011 Sony ya sake sharuɗɗan dandalinsa, ya sa mai shiga ya yarda ba zai yi ƙarar gayya ba, sai fa in ya rubuta wasiƙa ta gidan waya cikin kwana 30 ya ce bai yarda ba. Darasin da kamfani ya ɗauka ke nan.

INDA DOKA TA TSAYA

Dokar Amurka ta 1998 ta haramta karya makullin da ke tsare haƙƙin mawallafa, ko da a kan na'urar da mutum ya saya da kuɗinsa ne. Bayan kowace shekara 3 shugaban ɗakin karatu na majalisar ƙasar ya kan fitar da jerin abubuwan da aka yafe. Cikin 2010 aka yafe wa masu kwance ɗaurin wayar hannu. Cikin 2012 aka roƙa wa akwatunan wasa irin wannan, aka ƙi, saboda tsoron satar wasanni. Cikin 2021 aka yarda da abu guda kurum, gyaran sashen da ke karanta faifai. Tarayyar Turai ta fi matsawa gaba. Dokokin da ta kafa cikin 2019, suka fara aiki ran 1 ga Janairu 2022, sun wajabta wa mai sayarwa ya tabbatar kayan da ke ɗauke da manhaja sun ci gaba da aikin da aka sayar da su dominsa, sun kuma ba mutum kwana 30 ya warware ciniki in an sake masa manhaja ko hidimar intanet ta hanyar da ta cuce shi ƙwarai.

A kasuwa kuwa an gwada hanya biyu. Sony bai sake buɗe irin wannan ƙofa ba a PlayStation 4, duk da haka 'yan fail0verflow suka nuna Linux a kansa cikin Disamba 2015, suka kuma nuna ta a kan Nintendo Switch cikin 2018. Kamfanin Valve kuwa, da ya fito da akwatin hannunsa Steam Deck cikin Fabrairu 2022, da Linux ya zo, bai kulle ba, har ya ba da abin da a ke bukata ga mai son sa Windows. Shi ma daga sayar da wasanni ya ke cin riba, bai kuwa karye ba. Wannan ya nuna kulle ƙofa shawara ce da kamfani ke yankewa, ba tilas ce ta sana'ar ba.

ABIN DA MU KE GANI

A ganinmu ƙa'idar da ta dace mai sauƙi ce. Kamfani na da iko ya ƙera akwatinsa a kulle, ya faɗa tun farko, wanda ya so ya saya. Yana da iko ya toshe kafar ɓarayi, ya kuma kori mai maguɗi daga dandalinsa. Amma duk aikin da na'ura ke yi ranar da aka biya kuɗinta, musamman wanda aka yi talla da shi, ya zama dukiyar mai saye, ba a cire shi sai da yardarsa ko da diyya cikakkiya. Yardar da aka samu ta hanyar cewa "ko ka karɓa ko a yanke maka sauran" kuwa ba yarda ba ce. Muddin doka ba ta faɗi haka ɓaro-ɓaro ba, abin da mu ke kira saye rabinsa aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ga malaman makaranta da akawuna, waɗanda sau da yawa su ne ke rubuta takardar odar kaya ko su karɓe su a sito, muna ba da shawara a yi tambaya uku kafin a sa hannu. Shin na'urar nan tana aiki in an raba ta da kamfanin da ya ƙera ta? Shin kamfani na iya rage aikinta daga nesa, in kuwa yana iyawa, me takardar ciniki ta ce game da haka? Shin in kamfani ya bar kula da ita, akwai hanyar sa mata wata uwar manhaja, ko kuwa sai a tura ta juji da ƙarfenta lafiya lau? A sa amsoshin a rubuce cikin yarjejeniya, a ajiye kwafi a fayil. Mutanen Amurka, da lauyoyinsu da kotunansu, shekara 8 suka yi kafin su sami dala 10. Wanda ke nesa da waɗannan kotuna, kariyarsa ita ce abin da ya tambaya kafin ya biya.